Yanka bidiyo da FFmpeg ba tare da sake matse shi ba: inda yake yiwuwa da inda ba ya yiwuwa

Mafi yawan aikin bidiyon da ake yi a Zariya ba haɗa fim ba ne. Masu ɗaukar biki a Sabon Gari da Tudun Wada, da masu naɗar tafsirin Ramadan a masallatan cikin birni, da ɗaliban da ke naɗar lacca a Samaru da Kongo, abin da suka fi buƙata shi ne a ciro minti uku daga cikin awa biyu, ko a cire farkon da ba a fara komai ba, ko a haɗa fayil biyu. Abin da aka saba shi ne a buɗe babbar manhajar tace bidiyo, a yanka, a fitar. Kwamfuta ta yi awa guda tana huci, man janareta yana ƙonewa, kuma abin da ya fito bai kai na asali kyau ba. Da yawa daga cikin irin wannan aikin FFmpeg yana gama shi cikin daƙiƙoƙi, hoton kuma ya fito yadda kyamara ta ɗauke shi. Sharaɗin shi ne ka san ko aikin yana buƙatar taɓa hoton kansa, ko kuwa fakitocin da aka ƙunshe hoton a ciki kaɗai za a taɓa.

FFmpeg manhaja ce ta kyauta wadda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Ba ta da maɓallan dannawa, rubuta mata umarni ake yi a baƙar taga, a Windows ko Linux ko Mac. Tana zuwa da ƙanenta ffprobe, wanda aikinsa leƙa cikin fayil ya faɗi abin da ke ciki.

Sai an fara da dalilin matsewar. Firam ɗaya na hoto mai faɗin fiksel 1920 da tsawon 1080, in ba a matse shi ba, ya kai megabait 3.1 a tsarin launin da aka fi amfani da shi. A firam 25 kowace daƙiƙa, awa ɗaya ta kusa gigabait 280. Kyamarar AVCHD da ke naɗa a kan megabit 24 a daƙiƙa tana mayar da wannan awar kusan gigabait 11. Kodek, wato tsarin matse bidiyo da warware shi, irin H.264, wanda aka kammala a 2003, da H.265 na 2013, suna samun wannan ragin ne ta hanyar ƙin ajiye kowane firam cikakke. Akwai jigon firam, wanda ake yi wa alamar I, shi kaɗai ne hoto mai zaman kansa. Firam ɗin P yana ɗauke ne da bambancin da ke tsakaninsa da na baya. Firam ɗin B yana aro daga baya da gaba duka. Kamar mai shago ne a kasuwar Sabon Gari da yake ƙirga kayansa kaf ranar Asabar, sauran ranakun kuma sai ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. In aka yage shafin Asabar, lissafin Talata ba zai gaya wa kowa abin da ke cikin shagon ba.

Tazarar da ke tsakanin jigon firam da na gaba ita ce take mulkin duk yankan da za ka yi ba tare da matsewa ba. Wayoyi da kyamarori sukan sa jigo kusan kowace daƙiƙa ko ƙasa da haka. Amma x264, injin da FFmpeg da manhajoji masu yawa suke matsa H.264 da shi, yana barin tazarar ta kai firam 250 in ba a gaya masa wani abu ba, wato daƙiƙa goma cur a bidiyo mai firam 25. Shi ya sa fayil ɗin da ya fito kai tsaye daga kyamara yake yankuwa kusa da inda ake so, wanda aka riga aka fitar daga manhaja kuma yake kuskurewa da nisa. Kafin ka yanka, duba inda jigogin suke:

ffprobe -v error -select_streams v:0 -skip_frame nokey -show_entries frame=pts_time -of csv=p=0 daushe.mp4

Zai jero maka lokacin kowane jigo a daƙiƙoƙi. Waɗannan lambobin su ne wuraren da za ka iya fara yanka babu matsala.

A ce fayil ɗin na Hawan Daushe ne, ana son minti biyu da daƙiƙa hamsin daga inda mahaya suka fara jafi a ƙofar fada:

ffmpeg -ss 00:41:10 -i daushe.mp4 -t 00:02:50 -c copy -avoid_negative_ts make_zero jafi.mp4

Kalmar copy tana nufin kada a warware komai, a kwashe fakitocin yadda suke a zuba a sabon mazubi, wato fayil irin MP4 da ke riƙe hoto da sauti tare. Saurin aikin saurin faifan kwamfutarka ne kawai. Wurin da aka ajiye -ss, mai faɗin lokacin fara yanka, yana da muhimmanci ƙwarai, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. In yana gaban -i, kamar yadda yake a umarnin nan, FFmpeg zai yi tsalle zuwa jigon da ke kafin lokacin da ka faɗa ya fara daga nan. Za ka samu ƙarin hoto kaɗan a farko, amma hoto lafiyayye. In yana bayan -i, zai karanta fayil ɗin daga farko yana zubar da fakitoci har ya iso lokacin, sauti ya fara nan take, hoto kuwa sai ya jira jigon da ke gaba. Wannan shi ne bidiyon da ake buɗewa a ji kalangu da algaita suna tashi amma allo baƙi ƙirin ko a daskare na daƙiƙa biyar. Fayil ɗin bai lalace ba, an dai yanke shi ne a tsakiyar lissafi.

Idan ba ka sa -avoid_negative_ts ba, mazubin MP4 yana da wata dabara. Yana ajiye ƙarin firam ɗin da ke kafin lokacin da ka nema, sannan ya rubuta ɗan umarni a kansa cewa a ɓoye su a fara nunawa daga daidai wurin. Manhajar da ke girmama wannan umarnin za ta nuna yankan daidai. Wadda ba ta girmama shi za ta nuna ƙarin, wani lokacin ma sauti ya saɓa da baki. Tunda ba ka san irin wayar da abokin cinikinka zai buɗe da ita ba, ya fi aminci ka zaɓi lokacin jigo daga jerin ffprobe, ka sa shi a -ss, ka mayar da agogon fayil ɗin sifiri.

Akwai wani tarko a -to, mai faɗin lokacin da yanka zai tsaya. Wanda ya rubuta -ss 00:41:10 a gaban -i, sannan -to 00:44:00 a bayansa, yana zaton zai samu abin da ke tsakanin minti 41 da 44. Abin da zai samu bidiyo ne mai tsawon minti 44, domin tsallen farko ya riga ya mayar da agogo sifiri. Daga fitowar FFmpeg ta 4.0 ana iya sa -to a gaban -i tare da -ss ya yi abin da ake nufi. Amma -t, wato tsawon yankin, ba ya ruɗar kowa.

Ƙarshen yanka bai kai farko wahala ba, sai dai firam ɗin B suna sa tsarin ajiya ya bambanta da tsarin nunawa, don haka za a iya samun firam ɗaya ko biyu sun ɓace ko sun ƙaru a ƙarshe. Sauti kuwa kusan ba ya ba da matsala: fakiti ɗaya na kodek ɗin sauti AAC samfuri 1024 ne, kimanin kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa a kan samfuri 48000 a daƙiƙa, ana iya yanka shi kusan ko'ina.

Sai batun tacewa, wanda kalma ɗaya ce take rufe abubuwa biyu mabambanta a FFmpeg. Matatar hoto, wadda ake kira da -vf, tana aiki ne a kan fiksel: rage girma, yanke gefe, ƙara haske, ɗora tambarin shago. Ba za ta yi aiki ba sai an warware bidiyon, kuma abin da aka warware dole a sake matse shi. In ka haɗa -vf da -c copy, FFmpeg zai tsaya ya ce maka tacewa da kwafi ba sa haɗuwa. Ba wata dabara da za ta kewaye wannan.

Matatar fakiti kuwa, wadda ake kira da -bsf, ba ta ganin hoto sam. Tana gyara bayanan da ke kan fakitoci da yadda aka jera su, don haka tana tafiya da copy. Mutane kaɗan ne suke amfani da ita a nan, alhali tana warware matsalolin da ake ɓata awoyi a kansu.

A cikin H.264 bayanai suna zuwa ne gunduwa-gunduwa, kowace da lambar nau'inta: 5 ita ce jigon da ke fara sabon lissafi, 1 sauran firam, 7 da 8 su ne bayanan tsari da ake kira SPS da PPS, masu ɗauke da girman hoto da yadda za a warware shi, 6 kuma ƙarin bayani ne. MP4 yana ajiye SPS da PPS wuri ɗaya a kan fayil, kuma yana rubuta tsawon kowace gunduwa a gabanta. Mazubin TS na talabijin, mai fakiti bait 188, da MTS na kyamarori, suna raba gunduwoyin da alamar 00 00 01 kuma suna maimaita SPS da PPS a cikin tafiyar. Matatar h264_mp4toannexb ita ce ke juya tsarin farko zuwa na biyu, aac_adtstoasc kuma tana gyara kan fakitin sauti in ana dawowa MP4. Sababbin fitowar FFmpeg suna sa su da kansu, amma wanda ke aiki da tsohuwa a tsohuwar kwamfuta zai ga fayil ya fito babu hoto ko babu sauti in bai rubuta su ba.

Misalin da ya fi amfani shi ne bidiyon da mutane suka fito sirara dogaye a ciki. Wannan yana yawan faruwa da tsofaffin kaset na biki ko na Sallah da aka juya zuwa fayil mai 720 da 576. An ɗauki hoton a faffaɗan allo, amma bayanin siffar fiksel ya ɓace a hanya. Hoton lafiyarsa lau, lamba ɗaya ce a cikin SPS ba daidai ba:

ffmpeg -i tsoho.mp4 -c copy -bsf:v h264_metadata=sample_aspect_ratio=64/45 -aspect 16:9 gyararre.mp4

720 sau 64 a raba da 45 ya ba da 1024, kuma 1024 da 576 shi ne 16:9 daidai. An ƙara -aspect ne domin mazubin ma yana da nasa bayanin, kuma wasu manhajojin shi suke bi. Haka bidiyon waya da ya kwanta a gefe: juyawar alama ce kawai a mazubi, kuma daga fitowa ta 6.0 ta 2023 ana gyara ta da -display_rotation 90 a gaban -i tare da copy, ba sai an juya fiksel ko ɗaya ba.

Matatar filter_units tana zubar da gunduwoyi bisa lambarsu. Rubuta filter_units=remove_types=6 zai cire ƙarin bayanan H.264 duka. Ana yin haka don cire ɓoyayyen rubutun da ke bin wasu shirye-shiryen talabijin. A nan sai an yi hattara. Wasu kyamarori ba sa yawan sa jigo mai lamba 5, suna sa firam ɗin I ne tare da alamar wurin farfaɗowa, kuma wannan alamar a cikin lamba 6 take. In ka share ta, bidiyon zai iya ƙin tsallakawa gaba ko ya fara da toka-toka. A H.265 kuma lambobin daban ne, ƙarin bayanan suna 39 da 40, don haka umarnin wancan ba ya aiki a wannan. Ribar girman fayil da ake samu ba ta taka kara ta karya ba, kada a yi shi sai da dalili.

Haɗa fayiloli ma ya kasu biyu. Kyamarar AVCHD tana datse dogon naɗi gida-gida saboda katin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Datsewar ba ta kula da jigo ko fakitin sauti, don haka in aka jera gidajen a manhaja ana jin ɗan tsinkewa a mahaɗa, wani lokacin a tsakiyar aya. Maganin shi ne a liƙa su a matsayin bait kafin komai:

ffmpeg -i "concat:00003.MTS|00004.MTS" -c:v copy -c:a aac -b:a 160k tafsiri.mp4

An kwafi hoto, an sake matsa sauti kaɗai, domin sautin waɗannan kyamarori yawanci AC-3 ne, kuma wayoyi da yawa ba sa buɗe shi. Matsa sauti ba ya cin lokaci. Fayilolin MP4 ba sa liƙuwa haka. Su sai an rubuta sunayensu a fayil ɗin rubutu mai suna jeri.txt, kowane layi kamar file 'kamu.mp4', a kira ta da -f concat -safe 0 -i jeri.txt -c copy. Dole kodek da girman hoto da yawan firam da tsarin sauti su zama iri ɗaya. Haɗa na iPhone, wanda tun iOS 11 yakan naɗa da H.265, da na kyamara mai H.264 ba zai yiwu da copy ba. Wani abin da ke kama masu Hausa musamman: sunan fayil mai ɗauke da alamar da ke cikin 'yan ko 'ya'ya yana karya layin, domin alamar ce take buɗe suna ta rufe shi. Sauya sunan fayil ɗin ya fi sauƙi.

To yaushe ne sake matsewa ta zama dole? In ana son yanka a daidai firam, misali daga harafin farko na karatun mai jan baƙi, kuma babu jigo a wurin. In za a rage girma don turawa. In hoton kyamara mai saƙaƙƙen layi ne, wanda ke nuna haƙoran mataji a gefen duk abin da ke motsi a allon waya. A nan sai a yi shi sau ɗaya, daga fayil na asali, a haɗa duk tacewar a umarni guda:

ffmpeg -ss 00:41:12.4 -i daushe.MTS -t 170 -vf "bwdif,scale=-2:720" -c:v libx264 -crf 21 -preset slow -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 128k -movflags +faststart jafi720.mp4

Yanzu -ss yana faɗawa daidai, domin FFmpeg yana warwarewa daga jigon baya ya zubar da abin da ba a so. Jerin matatu yana da ƙa'ida: bwdif, mai warware saƙar layi, dole ta riga scale, in ba haka ba layukan sun cakuɗe ba mai raba su. Lambar -2 tana sa faɗi ya zama mai rabuwa biyu, domin x264 yana ƙin girman da ba ya rabuwa a wannan tsarin launi. Ita kuma yuv420p ita ce tsarin launin da kowace waya ke buɗewa.

Lambar crf, mai saita ƙarfin matsewa, tana tafiya daga 0 zuwa 51, asalinta 23 a x264, kuma ƙarin 6 yana rage fayil kusan rabi. Kuskure ne a riƙe lamba ɗaya ga kowane aiki. Malami a zaune gaban bango, kyamara a kan ƙafa, kusan babu abin da ke canzawa tsakanin firam da firam, 26 ma tana fitowa fes da ƙaramin fayil. Jafi kuwa shi ne mafi wuyar abin da za a ba kodek: dawakai a guje, ƙura ta turnuƙe, lifidi da rawuna masu ƙananan ado, ga taron jama'a a baya, ga kyamara tana bi. Kusan kowane fiksel sabo ne. A nan ne ake ganin ƙura ta koma murabba'i-murabba'i, adon alkyabba ya narke. Kuma lalacewar tana taruwa: matsewa ta biyu tana ɗaukar tabon ta farko a matsayin hoto ta ƙara nata. Bidiyon da aka matsa a kyamara, aka matsa a manhaja, aka matsa don ragewa, sannan WhatsApp ya matsa, ya sha huɗu. Tura shi a matsayin takarda yana hana ta ƙarshen, yanka da copy yana hana ta biyu.

In girman fayil aka ƙayyade maka, lissafi ne. A ce bidiyon minti biyar ake so ya shiga megabait 50: megabait 50 sau 8000 a raba da daƙiƙa 300 ya ba da kilobit 1333 a daƙiƙa, a cire 96 na sauti, saura kimanin 1230 na hoto.

Akwai masu son haɗa hanyoyin biyu, su sake matsa guntun da ke tsakanin inda ake so da jigo na gaba, su kwafi sauran, su liƙa. Yana yiwuwa, amma SPS ɗin guntun ba zai zo ɗaya da na kyamara ba, kuma MP4 ya fi son guda ɗaya a kansa. Sakamakon yakan yi kyau a kwamfuta ya watse a mahaɗa a kan wata wayar. Ga yanki na minti kaɗan, a matsa shi duka. Ga na awa guda, a haƙura da ƙarin daƙiƙa ɗaya a farko. Wanda kuma ya san za a yi ta yankar fayil ɗinsa nan gaba, kamar ma'ajiyar karatuttukan masallaci, ya taimaki na baya tun ranar matsewa da -g 50, jigo kowace daƙiƙa biyu. Fayil zai ɗan ƙaru, amma kowa zai yanka da copy.

Saura matsalar wuta. MP4 yana rubuta jadawalin fakitocinsa, wanda ake kira moov, a ƙarshen naɗi. In aka ɗauke wuta ko batir ya mutu kafin a danna tsayawa, bayanan hoton suna nan amma babu jadawali, FFmpeg zai ce bai ga moov ba, kuma ba zai iya gyara shi ba. Ƙaramar manhajar untrunc takan ceto wasu in aka ba ta lafiyayyen fayil daga na'urar guda. Wanda ke naɗa kai tsaye a kwamfuta da manhajar OBS ya zaɓi mazubin MKV, wanda ke buɗuwa har inda naɗin ya tsaya, daga baya ya juya shi MP4 da copy. Shi kuma +faststart da ke umarnin sama yana dawo da jadawalin farkon fayil, don bidiyo ya fara wasa kafin ya gama sauka, abin da mai ƙarancin data zai gode masa.

Kafin a goge katin kyamara, a gwada abin da aka fitar:

ffmpeg -v error -i jafi.mp4 -f null -

Wannan yana warware fayil ɗin daga farko zuwa ƙarshe ba tare da rubuta komai ba. In bai ce uffan ba, fakitocin lafiya suke. In ya yi ƙorafin firam da ya rasa madogara a farkon fayil, yankan bai faɗa kan jigo ba. Gwajin ba ya kama saɓanin sauti da baki, ko umarnin ɓoye firam da wata manhaja za ta yi watsi da shi. Waɗannan sai an tura fayil ɗin ƙaramar wayar Android, an kalli daƙiƙa goman farko, da kowace mahaɗa, da minti na ƙarshe, inda saɓanin sauti yake fi fitowa a dogon naɗi.